DARASI NA SHA ƊAYA: TEBURIN TARBAR MAMATA A GIDAJEN MUTANEN MEZIKO

11.1 Gabatarwa

A darussan baya mun bi rayuwar Bahaushe daki-daki, tun daga haihuwa har zuwa mutuwa, mun kuma ga hidimomin da ake yi a kowane mataki. A wannan darasi za mu bar ƙasar Hausa, mu ƙetare Tekun Atalantika zuwa ƙasar Meziko, domin mu dubi wata hidima da mutanen can suke yi wa mamatansu sau ɗaya a shekara. Dalilin wannan doguwar tafiya shi ne, mai nazarin da bai taɓa leƙa al'adar wasu ba da wuya ya iya bayyana tasa, domin duk abin da ya tashi ya tarar ana yi, gani yake haka duniya take ko'ina.

Al'adar da za mu duba ita ce ta haɗa wani tebur a cikin gida, a ƙawata shi da furanni da kyandirori da abinci da hotunan waɗanda suka rasu. Da Sifaniyanci, harshen da akasarin mutanen ƙasar suke magana da shi, ana kiran wannan tebur ofrenda. Na taɓa ba wani aji guntun bayani a kan al'adar domin su fassara zuwa Hausa, sai da yawa daga cikinsu suka rubuta "wurin tsafi", wasu kuma "wurin bautar matattu". Babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da masu teburin suke cewa suna yi. Wannan kuskure ne na fassara kafin ya zama na fahimtar al'ada, kuma shi ne ya sa aka shigo da darasin cikin wannan littafi. Ana sa ran idan ɗalibi ya kammala shi zai iya bayyana yadda ake haɗa teburin da ma'anar kayan da ke kansa, ya faɗi inda al'adar ta samo asali, sannan ya zaɓi kalmar Hausa da zai yi wa 'yan ajinsa bayani da ita ba tare da ya ƙara ko ya rage ba.

11.2 Ƙasar da Lokacin Hidimar

Meziko tana maƙwabtaka da Amurka ta kudancinta. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna akwai mutum miliyan 126 a ƙasar, kuma kusan kashi 78 cikin ɗari mabiya ɗariƙar Katolika ne. Fiye da mutum miliyan 7 suna magana da ɗaya daga cikin harsunan asali guda 68 da gwamnati ta amince da su, wato harsunan da ake yi a ƙasar kafin zuwan Turawan Sifen. Mafi yawan masu magana shi ne Nawatil, harshen daular Aztek, sai harshen Maya. Ya kamata ɗalibi ya riƙe waɗannan abubuwa biyu, addinin Katolika da al'ummun asali, domin a tsakaninsu al'adar take zaune.

Ana kiran hidimar Día de Muertos, wato Ranar Mamata, kodayake ta fi kwana ɗaya. Ranar 1 ga Nuwamba ta yaran da suka rasu ce, ana ce musu "ƙananan mala'iku", ranar 2 ga wata kuma ta manya. A ƙauyuka da dama ana ɗauka yaran suna isowa tun tsakar ranar 31 ga Oktoba, su tafi washegari su ba manya wuri. A wasu sassa na tsakiyar ƙasar ana ware 28 ga Oktoba ga waɗanda suka mutu a haɗari ko aka kashe su. Lokacin ya zo daidai da kaka, bayan ɗaukewar damina, sa'ad da masara ta nuna. Ke nan mamaci yana zuwa ne a lokacin da gida yake da abin ba baƙo.

11.3 Yadda Ake Haɗa Teburin

Mabuɗin fahimtar wannan tebur abu ɗaya ne: masu yin sa suna ɗaukar mamaci a matsayin ɗan gida da ya yi nisa, aka ba shi izinin ziyara ta kwana ɗaya. Idan ɗalibi ya riƙe wannan, zai ga kusan kowane abu da ke kan teburin amsa ce ga wata buƙata ta matafiyi.

Matafiyi yana buƙatar ya gane hanya. Saboda haka ake tsittsinke wani fure mai launin ruwan goro da ƙamshi mai ƙarfi, mai suna cempasúchil, a barbaɗa shi a ƙasa ya zama siririyar hanya daga bakin titi ko ƙofar gida har zuwa gaban teburin. Da shi kuma ake lulluɓe wani baka da ake tanƙwarawa da kara ko rake a saman teburin, wanda yake matsayin ƙofar shigowa. Ana shuka furen tun cikin damina domin ya buɗe a ƙarshen Oktoba, kuma akwai manoma a jihohi irin su Puebla da suka dogara da cinikinsa. Bayan fure sai haske. Ana kunna kyandirori, a wurare da yawa ɗaya ga kowane mamaci, ana ambaton sunansa yayin kunnawa. Akan ƙara guda ɗaya, wani lokaci a ajiye shi a bakin ƙofa tare da ɗan burodi da ruwa, domin ran da ba shi da kowa a duniya da zai tuna da shi. A ganina wannan kyandir na marar gata ya fi duk sauran kayan bayyana halin al'adar.

Sai turare. Ana zuba ƙaron wata bishiya mai suna copal a kan garwashi cikin kasko, hayaƙinsa ya tsarkake ɗakin ya kuma yi wa baƙo jagora. Wanda ya san turaren ƙaron hano ba zai ji wannan ƙamshi baƙo ba, domin masana tsirrai sun sa bishiyoyin da ake samun copal da hano da dashi a dangi ɗaya.

Wanda ya sha hanya yana zuwa da ƙishirwa, don haka ba a haɗa tebur babu kofin ruwa. Ana ajiye gishiri a ƙaramin faranti domin tsarki. A wasu gidaje akan ƙara kwanon ruwa da sabulu da tawul domin baƙo ya wanke ƙurar hanya, a shimfiɗa tabarma a gindin teburin domin ya huta. Daga nan sai abinci, kuma a nan ne kowane tebur yake rabuwa da na maƙwabta, domin ba abinci na musamman ake nema ba, abin da mamacin yake so a rayuwarsa ake dafawa. Mafi yawa akan samu tamal, wato ƙullun masara da ake naɗewa cikin ɓawon masara ko ganyen ayaba a turara, kamar yadda muke yi wa alala. Akan samu mole, miya mai kauri da ake haɗawa da barkono iri-iri, wani lokaci har da cakulan, a zuba a kan naman talotalo ko kaza. Akwai atole, wanda kunun masara ne, da kabewa da aka dafa da mazarƙwaila, da lemo da gwaiba da rake. Idan mamacin mai shan taba ne a ajiye masa karan sigari, idan mashayi ne a ajiye masa kwalbar irin giyar da ya saba. Ba a gyara halinsa bayan ya mutu. Teburin yara kuwa ba a sa masa abinci mai yaji, sai madara da alewa da kayan wasa da fararen furanni.

Abubuwa biyu ne ake yi domin wannan lokaci kaɗai. Na farko burodin mamata, wanda ake yi da alkama da ƙwai da ƙamshin furen lemo, a ɗora masa siraran ƙullu a gicciye a matsayin ƙasusuwa, a barbaɗa sukari. Na biyu ƙoƙon kai na sukari, wanda ake zubawa a mazubi ya daskare, a yi masa ado da launuka, a liƙa suna a goshinsa. Sunan yana iya zama na mamaci, yana kuma iya zama na rayayye, domin abokai da masoya suna ba juna kyautarsa cikin raha. A sama kuma ana rataya takardu masu launi da aka huda da ƙananan ƙarafa masu kaifi aka fitar da zane, iska tana kaɗa su. Garin San Salvador Huixcolotla a jihar Puebla ya yi suna a wannan sana'a.

Teburin kansa hawa-hawa ake yinsa, da akwatuna ko katakai a lulluɓe da farin ƙyalle. Mai hawa biyu ana cewa sama da ƙasa ne. Mai hawa uku an ƙara masa duniyar matattu. Akwai mai hawa bakwai, wanda ake fassarawa da matakan da rai yake bi kafin ya samu hutu. Littattafan makaranta da takardun masu yawon buɗe ido suna son wannan lissafi, har sukan ce ruwa da kyandir da takarda da abinci suna wakiltar ruwa da wuta da iska da ƙasa. Ɗalibi ya karɓi irin wannan fassara da hattara. Tsohuwar da take haɗa tebur a ƙauye ba lalle ba ne ta san da ita. Abin da ta sani shi ne haka uwarta take yi, kuma mijinta yana son kununsa da zafi. A hawa na can sama ana ɗora gicciye da hotunan waliyyan Katolika, musamman na Maryamu ta Guadalupe, hotunan mamata kuma a ƙasa da su. Wannan jeri yana da muhimmanci ga tambayar da za mu zo gare ta a ƙarshen darasi.

Shin mamacin yana cin abincin? Masu al'adar suna cewa ƙamshin da albarkar abincin yake ɗauka, ya bar gangar. Idan baƙi sun tafi, da yammacin 2 ga Nuwamba ko washegari, sai a kwashe teburin. Iyali su ci, a zuba sauran a kwanduna a aika yara su kai wa dangi da maƙwabta da iyayen baftisma, su ma su maido da nasu. Sau da yawa za ka ji ana cewa abincin ya yi salam, alamar an riga an taɓa shi.

Akwai wani labari da ake bayarwa da baka a yankuna da yawa na ƙasar, da Nawatil da Sifaniyanci da wasu harsuna, kowane gari da yadda yake juya shi. Wai wani mutum ne ya ce haɗa tebur asarar kuɗi ce, matattu ba sa dawowa, ya hana matarsa komai ya tafi daji yin itace. Dare ya same shi a can, sai ya ga jerin mamata suna komawa, kowa da kwandon abinci da kyandir yana murna. A can ƙarshen jerin ya hango iyayensa, babu komai a hannunsu sai guntun itacen da matarsa ta kunna musu a madadin kyandir. Ya ruga gida ya sa a yanka dabba a yi girki, ya ce bari ya ɗan kwanta kafin a gama. Bai tashi ba, da abincin aka ciyar da masu zaman makokinsa. Ɗalibin adabin baka zai gane aikin irin wannan labari nan take: shi ne yake tsare al'adar daga mai rowa da mai shakka.

11.4 Bambancin Yankuna

Ba fasali ɗaya teburin yake da shi a duk ƙasar ba. A garin Huaquechula na jihar Puebla, gidan da aka yi rasuwa cikin shekarar yakan gina tebur da ya kusa taɓa rufin ɗaki, a lulluɓe shi da farin yadi mai sheƙi, a ajiye hoton mamacin yadda ba za a gan shi ba sai ta cikin madubi. Ƙofar gidan a buɗe take ga kowa; mai ziyara ya zo da kyandir, a ba shi cakulan mai zafi da burodi. A Ocotepec ta jihar Morelos ana jera burodi da 'ya'yan itatuwa a siffar mutum kwance, a sa musu sababbin tufafi da takalma. Al'ummar Purepecha da ke kewayen tafkin Pátzcuaro a jihar Michoacán suna kai kayan maƙabarta su kwana a gefen kabari cikin hasken kyandir. Mayawan yankin Yucatán suna kiran hidimar Hanal Pixán, wato abincin rayuka, kuma babban abincinsu wani ƙaton tamal ne da ake gasawa a rami cikin ƙasa.

11.5 Asalin Al'adar

Idan ka tambayi ɗan makaranta a Meziko, mai yiwuwa ya ce maka daga Aztek aka gaji al'adar, Turawa suka zo suka tarar da ita. Maganar ba ta kai haka sauƙi ba.

Gaskiya ne mutanen Aztek suna da hidimomin mamata. Malaman coci biyu na ƙarni na 16, Bernardino de Sahagún da Diego Durán, sun koyi Nawatil suka rubuta abin da dattawa suka gaya musu. Daga gare su muka san cewa a wurin Aztek yadda mutum ya mutu ne yake nuna inda zai tafi, ba halinsa ba. Jarumin da ya faɗi a fagen fama da macen da ta rasu wajen haihuwa suna raka rana. Wanda ruwa ya ci ko tsawa ta kashe yana tafiya lambun ubangijin ruwa. Sauran jama'a kuwa suna yin tafiyar shekara huɗu zuwa Mictlan, duniyar ƙarƙashin ƙasa mai hawa tara, kare yana taimaka musu ƙetare kogi. A kalandarsu mai wata 18, kowane wata kwana 20, akwai ƙaramin bikin mamata da babba a jere, amma wajen watan Agusta suke faɗowa, ba Nuwamba ba.

Nuwamba daga Turai ta zo. Cocin Roma ta tsayar da 1 ga Nuwamba ranar dukkan waliyyai tun wajen ƙarni na 8 zuwa na 9, sannan Odilo, shugaban gidan ibada na Cluny a Faransa, ya ware 2 ga wata domin yi wa mamata addu'a kimanin shekara dubu da ta wuce. Hernán Cortés ya sauka a gaɓar Meziko a 1519, birnin Tenochtitlan ya faɗi a 1521, malaman coci suka biyo baya da wannan kalanda. Da su aka zo da alkama da rake da lemo da kyandir irin na coci, da kuma al'adar Sifen ta yin kayan zaƙi masu siffar ƙashi a wannan lokaci. Durán da kansa ya lura cewa sababbin Kiristoci suna kawo kyauta domin yara a ranar waliyyai, domin manya kuma washegari, ya yi zargin tsofaffin bukukuwan nan biyu ne suka ɓuya a ƙarƙashin sababbi.

Masana sun rabu a kan wane ɓangare ya rinjaya. Elsa Malvido, masaniyar tarihi a cibiyar nazarin tarihi da al'adu ta ƙasar, ta tsaya a kan cewa tushen bikin na Turai ne, kuma a zamanin shugaba Lázaro Cárdenas, daga 1934 zuwa 1940, aka ƙarfafa jingina shi ga Aztek domin gina kishin ƙasa bayan juyin juya hali. Claudio Lomnitz, a littafinsa na 2005, ya bi tarihin yadda mutuwa ta zama tambarin ƙasar sannu a hankali. Hujjarsu tana da ƙarfi a kan abin da ake gani a birane. Sananniyar ƙwarangwal ɗin nan mai faffaɗar hula, alal misali, ba ta da wata alaƙa da Aztek: José Guadalupe Posada, wanda ya rasu a 1913, ya zana ta domin yi wa masu kwaikwayon Turawa shaguɓe, Diego Rivera kuma ya sa ta a zanen bangonsa na 1947 ya yi mata cikakkiyar shiga. Amma fure da turare da masara, da kuma ɗaure ziyarar mamata da lokacin girbi, sun fi zama daram a ƙauyukan al'ummun asali. Da sunan waɗannan al'ummu ne hukumar UNESCO ta ayyana bikin a 2003, ta kuma shigar da shi jerin al'adun gado na duniya a 2008. Abin da ya fi kusa da gaskiya, a fahimtata, shi ne al'adar ba ta Aztek ba ce, ba ta Sifen ba ce. Haifaffiyar zamanin mulkin mallaka ce, wadda iyayenta biyu suka bar mata kama.

Kalmomin da ke kan teburin ma shaida ne. Cempasúchil daga Nawatil take: cem "ɗaya", pohualli "ƙirge", xochitl "fure". Mutanen Aztek ashirin-ashirin suke ƙirga, saboda haka "ƙirge ɗaya" shi ne ashirin, kamar yadda tsofaffinmu suke cewa hauya a ƙirgen wuri. Sunan furen ke nan "fure ashirin", saboda yawan ganyayyakinsa. Copal ma daga copalli ta Nawatil ce, haka tamal da atole da mole. A yankin Huasteca kuwa ana kiran bikin Xantolo, ana furta shi "shantolo", kuma ba kalmar asali ba ce ko kaɗan: sanctorum ce ta Latin, "na waliyyai", harshen mutanen wurin ya tauna ta. Sai kuma alfeñique, sunan ƙullun sukarin da ake yin wasu kayan zaƙin bikin da shi, wanda birnin Toluca yake yi wa kasuwar baje koli duk shekara. Daga al-fanid ta Larabci ta fito, ta hanyar Andalus, inda Musulmi suka yi mulki daga 711 zuwa 1492. Sifaniyanci, kamar Hausa, ya ari kalmomin Larabci tare da al- ɗinsu. Alcalde, wato magajin gari a Meziko, da alƙali namu, kalma ɗaya ce ta rabu biyu.

11.6 Teburin a Wannan Zamani

Tun farkon shekarun 1970 'yan asalin Meziko mazauna Amurka, musamman a Los Angeles da San Francisco, suka fitar da teburin daga gida zuwa zaurukan baje zane, ya zama alamar asalinsu. A cikin ƙasar ma makarantu da ofisoshi da jami'o'i suna haɗa nasu, har da gasa, wani ɓangare domin tare bikin Halloween da yake kwararowa daga Amurka. Fim ɗin James Bond mai suna Spectre, na 2015, ya nuna jerin gwanon ƙwarangwal a babban birnin ƙasar, alhali ba a yin irinsa a lokacin. A 2016 hukumomin birnin suka fara yi. Fim ɗin yara na Coco, na 2017, shi ne ya kai teburin gidaje a faɗin duniya, kuma ta nan ne mai yiwuwa 'yan ajinka za su fara jin labarinsa. Fim ɗin ya ginu a kan cewa mamacin da ba a ɗora hotonsa ba ba zai iya ziyara ba. Wannan dabarar labari ce. An yi ƙarnoni ana haɗa tebur kafin a ƙirƙiro kyamara, kuma kyandir da ambaton suna sun wadatar.

Duk da haka, ɗora hoto ya zama magana mai nauyi a Meziko ta yau, domin ɗora shi shaida ce cewa mai hoton ya mutu. A watan Mayu na 2022 rajistar gwamnati ta mutanen da suka ɓace ta haura 100,000, akasarinsu tun bayan da yaƙi da masu fataucin miyagun ƙwayoyi ya tsananta a 2006. Uwar da ɗanta ya fita bai dawo ba, ba ta ga gawa ba, ba ta san kabari ba, me za ta yi ranar 2 ga Nuwamba? Idan ta ɗora hotonsa ta yanke ƙauna, ta kuma sauke wa hukuma nauyin nemansa. Idan ba ta ɗora ba, kuma ya mutu, ta bar shi cikin marasa gata. Daga cikin waɗanda suka ɓace akwai ɗalibai 43 na kwalejin horar da malaman karkara ta Ayotzinapa a jihar Guerrero, ɗalibai irinku, waɗanda aka kama a garin Iguala a daren 26 ga Satumba, 2014. Zuwa 2021 uku kacal aka tabbatar da ƙasusuwansu. Iyayen sauran sun yi shekaru suna zagaya ƙasar da hotunan 'ya'yansu a ƙirji, suna cewa da rai aka tafi da su, da rai suke neman a maido su.

11.7 Wace Kalma Malami Zai Ɗauka?

Mu koma ga fassarar da muka fara da ita. Mutanen Meziko suna da kalmomi biyu, altar da ofrenda. Ta farko ita ce Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fassara da bagade, wato wurin miƙa hadaya. Amma ba a yanka komai a kan wannan tebur, ba a zubar da jini, don haka bagade ya yi masa nauyi. Tsafi ya fi nisa, domin a Hausa kalmar tana nufin neman biyan buƙata daga iska ko gunki, tana kuma ɗauke da hukunci a cikinta. Wanda ya furta ta ya gama shari'a kafin a kawo shaidu. Bauta ma ba ta dace da abin da masu al'adar suke faɗa ba. Idan suka durƙusa gaban teburin, addu'ar Katolika suke karantawa suna roƙa wa mamacin gafara, shi ya sa gicciye yake sama hotonsa yake ƙasa. A aƙidar cocin akwai wani matsayi da ake tsarkake rayuka kafin su shiga aljanna, kuma addu'ar rayayyu tana amfanarsu a can. Kada ɗalibi ya yi gaggawar fassara wannan da barzahu. Kusancin ma'ana ba daidaito ba ne. Ya kuma sani cewa a cikin Meziko kanta Kiristoci da yawa na ɗariƙun da ba Katolika ba ba sa haɗa teburin, domin suna ganin ya saɓa wa addininsu.

Ofrenda ta fito daga aikatau mai ma'anar miƙawa ko bayarwa. Wasu ɗalibai sukan kawo sadaka, suna tuna sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Akwai kama, domin a duka biyun ana dafa abinci saboda mamaci, rayayyu su ci. Amma Bahaushe yana bayar da waina ko gumba ne domin lada ya isa ga mamaci a inda yake. Ba ya jiran mamacin ya shigo gida, ba ya tambayar wane abinci yake so. Mutumin Meziko kuwa mamacin yake yi wa girki, rabon da ake yi wa maƙwabta daga baya yake zuwa. Wannan ne ya sa na zaɓi "teburin tarbar mamata" a kan wannan darasi. Ba ta da gajarta, kuma ba ta nuna gefen addu'a ba, amma ta faɗi abin da masu yi suke cewa suna yi.

11.8 Auna Fahimta

1. Zaɓi abubuwa biyar da ake ɗorawa a kan teburin, ka bayyana buƙatar matafiyi da kowanne yake biya.

2. Kawo hujjoji biyu na masu cewa asalin bikin daga Turai yake, da biyu na masu jingina shi ga al'ummun asali. Wanne ya fi gamsar da kai, kuma don me?

3. Ban da alƙali, kawo kalmomin Hausa goma da suka riƙe al- ta Larabci, ka nuna sauyin sauti da ya auku a kowace.

4. Wani yaro ɗan aji biyar na firamare ya kalli Coco, ya tambaye ka ko mutanen cikin fim ɗin matsafa ne. Rubuta amsar da za ka ba shi cikin jimloli da ba su wuce shida ba.